Ga ɗan'uwan da gabansa ke faɗuwa washegarin sha

Salamu alaikum. Ɗan'uwa da admin ya ɓoye sunanka, ka ce duk daren da ka sha giya, washegari sai ka tashi gabanka na faɗuwa, zuciya na dukan uku-uku, kana jin kamar mutuwa za ka yi ko asirinka ya tonu, har kana tambaya ko haukacewa ka fara. Na bi amsoshin da aka ba ka, yawanci "ka ji tsoron Allah" ne kawai, wasu har da zagi. Jama'a, ai tsoron ne ya hana bawan Allahn nan barci. Ni abin nan na san shi a jikina, shi ya sa na kasa wucewa.

Ba hauka ba ne, ba kuma sammu aka yi maka ba. Likitan da ya duba ni ya warware min shi. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi. Tana ƙara wa wani sinadari mai suna GABA ƙarfi, shi ne mai kwantar da jijiyoyi, ta kuma rage ƙarfin mai zaburar da su. Ita ƙwaƙwalwa ba ta yarda da wannan dannewar ba, sai ta yi ta turawa. Kamar kana tura ƙofa wani ya tokare ta daga ciki, kwatsam ya saki. To giyar na barin jini, haka kake afkawa cikin firgici. Ga fitsarin da ka yi ta yi ya ƙarar da ruwan jikinka, sukarin jini ya sauka, barcin ma na ƙarya ne, ta kayar da kai da wuri ta tashe ka ƙarfe uku na dare ido biyu.

Nawa mafi muni a cikin ɗan sahu ya same ni, wata safiyar Juma'a, cunkoso ya tsayar da mu wajen Ƙofar Nassarawa. Muna uku a baya, ni ne a tsakiya. Sai na ji numfashina ba ya kai wa ƙasa. Yatsuna suka mutu, leɓena na rawa, zufa ta jiƙa min 'yar ciki alhali sanyi ake yi. Dattijon da ke gefena yana jan carbi, ni kuwa na toshe baki da hula don kada ya ji wari. Abin da ke raina shi ne, yau zan mutu a nan, a kai gawata gida, mai wanka ya ji warin, Hajiyarmu ta ji labari a zaman makoki. Na daki kafaɗar direba na sauka ban karɓi canji ba, na tsuguna gefen titi ina ta kalmar shahada. Mai pure water ya zuba min ruwa a ka yana cewa "sannu Yallaɓai, ciwon sukari ne?" Na gyaɗa kai. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin ba, ga mutane cike da titi amma babu ɗaya da zan iya gaya wa gaskiya.

Wanda na kira shi ne wanda ya fara kai ni shan giya a Sabon Gari, mutumin da nake ce wa yaya, layinmu ɗaya a kasuwa. Dariya ya yi. Ya ce ragwanta ce, in zo in ƙara kwalba ɗaya in warware. Da na fara janye jiki daga tafiyar, sai ya koma yi min habaici a majalisa, "wasu dai ustazan rana ne". Ashe ya ɗauke ni bidiyo ina maye ban sani ba. Bai taɓa turawa kowa ba a iya sanina, amma yakan ɗaga wayar ya kalle ni ya yi murmushi, shi ke nan ranar ba ni ba cin abinci. Mutumin da na yi wa ɗawainiya lokacin bikinsa, na rantar masa kuɗin haya. Har yau in na hango shi sai cikina ya juya. Ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafe masa, ban kai wurin ba tukuna.

Shawararsa nan ta "ƙara ɗaya" ita ce babban tarko, don Allah ka guje ta. Za ka ji sauƙi na 'yan awanni, firgicin ya dawo ya fi na da, daga nan mutum ke komawa mai sha da safe. Haka ƙwayoyin barci na kemis, su Valium da Roche. Haɗa su da giya na iya tsayar da numfashi, su ma kuma kama mutum suke yi.

In abin ya taso, ka zauna. Ja numfashi ta hanci a hankali, ka fitar ta baki ya fi na shiga tsawo. Mutuwar yatsun nan saurin numfashi ne ke kawo ta. Yawanci cikin minti 10 yake kai ƙarshen ƙarfinsa, sannan ya fara sauka. Ka sha ruwa, ko ruwan gishiri da sukari, ka sa wani abu a ciki ko da koko da ƙosai ne. Kada ka je wajen mai shayi ka ce a zuba maka Nescafe, kada ka sha lemon ƙara kuzari, bugun zuciyar za su ninka. Ka ajiye waya, bin saƙonnin jiya kana neman abin kunyar da ka yi wuta yake ƙarawa. Amma in ƙirji na ciwo har yana sauka hannu ko muƙamuƙi, wannan asibiti ne kai tsaye.

Sallah kuma kada ka bari. Na san maganar rashin karɓar sallar wanda ya sha giya har kwana arba'in tana cin ranka, ni ma ta ci nawa. Malamai sun ce sallar ba ta faɗi a kanka ba, in hankalinka ya dawo ka yi tsarki ka yi ta, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Karanta aya ta 53 a Suratuz Zumar. A zamanin Manzon Allah (SAW) an sha kawo wani sahabi saboda giya, da wani ya la'ance shi sai Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Masu zagi a nan su tuna wannan.

Ni sai da na daina gaba ɗaya faɗuwar gaban ta ragu, kuma ba rana ɗaya ta tafi ba. Likita ya gano dama ina da ciwon fargaba tun kafin giyar, ita nake rufe shi da ita. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Na san abin da mutanen Kano ke cewa in sun ji Dawanau, amma likita ba ya kai ƙarar kowa Hisbah, ba ya kiran gidanku.

Abu ɗaya ba ka faɗa ba, kuma shi ya fi damuna. Kullum kake sha? Hannunka na rawa da safe? In haka ne kada ka yanke lokaci guda kai kaɗai a ɗaki. Rawar jiki da zufa kan fara awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, wasu jijjiga ke kama su, zuwa kwana biyu ko uku kuma a shiga gane-gane da sambatu, kuma wannan yana kisa. Da magani ake saukar da mutum, a gaban likita. Ka ba admin amsar wannan ya turo min, in kunyar zuwa kai kaɗai kake ji zan raka ka mu yanki kati.