Ga ƙanenmu da zai koma sashen likitancin nukiliya: karatun da zai amfane ka

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun shekaranjiya na ga tambayarka, aiki ne ya hana ni zama in amsa yadda nake so. Ka ce shekara shida kana ɗaukar hoton eksire da CT, yanzu za a mayar da kai sashen likitancin nukiliya, kuma fiziks ɗin da ka yi a jami'a ya gudu. Kana son sanin ko bitocin kwana biyu da muke zuwa don tara makin sabunta lasisi sun isa, ko sai ka tafi digiri na biyu. Ni ma ta wannan ƙofar na shigo, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Abu na farko da za ka sauya shi ne tunaninka. A ɗakin eksire injin ne ke fitar da radiyeshon, da ka ɗaga yatsa daga maɓalli magana ta ƙare. A nan kuwa da zarar ka yi wa majiyyaci allura, shi ne ya zama tushen radiyeshon, kuma babu inda za ka danna ka kashe. Da shi zai zauna a benci, da shi zai shiga banɗaki. Kyamarar gama, wato na'urar da ke ɗaukar hasken gama da ke fitowa daga jikinsa, ba ta harba komai, karɓa kawai take yi tana ƙirgawa. Sannan agogo ba ya jiran kowa. Teknishiyom-99m, sinadarin da ke fitar da radiyeshon a cikin allurar, wanda da shi muke yin yawancin aikinmu, duk awa 6 ƙarfinsa na raguwa da rabi. Ka ja MBq 740 (ma'aunin ƙarfin maganin ke nan) a sirinji da ƙarfe takwas don hoton ƙashi, majiyyaci ya maƙale a hanya bai iso ba sai sha ɗaya, abin da ya rage wajen 520 ne kawai. Janaretan da muke tatsa kowace safiya (ba na wutar lantarki ba, wata tukunya ce lulluɓe da darma) molibdinom-99 ne a cikinsa, wanda daga shi teknishiyom ke fitowa, shi kuma awa 66 yake rabewa. Daga waje ake kawo shi ta jirgi, domin tashoshi ƙalilan ne ke samar da shi a duniya, irin su SAFARI-1 ta Afirka ta Kudu. Shi ya sa abin da za ka tatsa ranar Litinin daban yake da na Juma'a, kuma wanda bai fahimci wannan lissafin ba ko jerin marasa lafiya na mako ba zai iya tsarawa daidai ba.

Bari in ba ka labarin ranar da ta sa na koma karatu da gaske. A shekarata ta biyu aka kawo wata dattijuwa mai sankarar mama, ana son a ga ko ciwon ya shiga ƙashi. 'Yarta ce ta kawo ta daga wani gari mai nisa, sun kwana a barandar asibiti. Na yi mata allura, ta sha ruwa kamar yadda na ce, ta jira awa uku, ta kwanta a gado ko motsi ba ta yi. Hoto ya fito kamar an ɗauka cikin hazon hunturu. Haƙarƙari sun cakuɗe, ƙashin baya ya zama dunƙule ɗaya. Na ce ƙila ƙibarta ce, abokin aikina ya ce ƙila haɗin maganin ne bai kama ba. Allah Ya sa a makon akwai wani masanin fiziks na asibiti da ya zo duba mana na'urori. Bai tsaya kan hoton ba. Ya ce in buɗe masa shafin da ke nuna ƙarfin hasken da kyamara ke karɓa, ya sa yatsa a kan allon ya ce, "Malam, kyamararka kobal take nema, ba teknishiyom ba."

Abin da ya faru, da safe an yi gwaji da farantin kobal-57 mai keV 122 (keV ma'aunin ƙarfin haske ne), ba a mayar da taga, wato iyakar ƙarfin hasken da kyamara ke karɓa, kan keV 140 na teknishiyom ba, ni kuma ban duba ba. Hasken da ya yi karo da tsoka ya karkace yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, sai ya faɗo daidai cikin waccan tagar ta ƙasa. Wato mun zubar da mafi yawan hasken da ya taho kai tsaye daga ƙashi, mun tattara wanda ya ɓata hanya. Na karanta wannan a aji, har na amsa shi a jarrabawa, amma ban taɓa haɗa shi da fuskar mutum ba. Mun yi sa'a akwai sauran ƙarfi a jikinta, muka gyara taga muka sake ɗauka ba tare da sabuwar allura ba. Har yau ina tuna 'yar tana tambayata, "Lafiya dai ko, likita?"

To, bitocin nan ka je, domin hukumar RRBN mai rajistar masu ɗaukar hoton asibiti a Najeriya na buƙatar makin kafin ta sabunta maka lasisi, kuma a nan ake haɗuwa da mutanen da za ka kira in ka shiga matsala. Amma a gaskiya ba su isa ba. Mutum ɗari a zaure ɗaya, ana nuna hotuna a bango, a raba takardar shaida da yamma, hakan ba ya koya wa hannu komai.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne darussan hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke Biyana. Suna da shirin koyarwa daga nesa da ake kira DAT, wanda aka tsara don irinmu masu aiki da na'ura, kuma shafinsu na Human Health Campus kyauta ne. Akwai kundinsu na hotunan kurakuran kyamarar gama, inda za ka ga yadda tsagaggen kiristal (sashen kyamara mai karɓar haske) ko lotsattsen kolimeta (farantin darma mai hudoji da ke gabansa) ke bayyana a hoto. Ƙungiyar EANM ta Turai ma tana fitar da littattafan jagora na masu aikinmu, ana sauke su ba ko kwabo. Sai dai sharaɗina ɗaya: kada ka karanta babi sai ka je gaban na'ura ka gwada shi a makon. In ka karanta dokar nisa, ɗauki mita ka auna sirinji a taku ɗaya, ka koma taku biyu, ka ga da idonka ƙirgen ya sauko zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. In da hali ka roƙi shugaban sashenku ya tura ka wata ɗaya ko biyu wurin da aka daɗe ana aikin, kamar UCH Ibadan da ta buɗe cibiyarta a 2006, ko Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Guraben horo na IAEA da na AFRA, yarjejeniyar ƙasashen Afirka kan kimiyyar nukiliya, ta hannun hukuma ake neman su, don haka ka sa sunanka ya zama sananne a wurin shugabanninka tun yanzu.

Digiri na biyu a fiziks na asibiti hanya ce mai kyau, ana yi a makarantar nukiliya ta Jami'ar Ghana da cibiyar ICTP ta Tiriyeste a Italiya, amma galibi masu digirin fiziks suke ɗauka, kuma sauya sana'a ce gaba ɗaya. In burinka ka iya aikin da aka ba ka, ba shi ne matakin farko ba.

Kariyar jikinka kuma kada ka yi wasa da ita. Iyakar ma'aikaci mSv 20 ne (ma'aunin radiyeshon da jiki ya sha) a shekara in an daidaita kan shekara biyar, kuma bajen auna radiyeshon da ke ƙirjinka ba ya ganin abin da yatsunka ke sha wajen haɗa allura. Ka nemi na zobe, ka riƙa sa wa sirinji rigarsa ko da kana sauri. In wata rana ka koma PET, wani nau'in hoton nukiliya mai aiki da hasken keV 511, ka sani darmar da ba ta kai rabin milimita ba tana rage hasken teknishiyom da rabi, amma na keV 511 sai wajen milimita huɗu. Rigar darmar da ka saba da ita a eksire ba za ta tsare ka a can ba, nisa da gajarta lokaci ne za su yi.

Makonka na farko, ka riga kowa zuwa ka tsaya bayan mai gwajin safe. Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kullum ka rubuta inda tagar take, sakamakon gwajin daidaiton kyamara, abin da ma'aunin allura ya nuna da sisiyom-137, da zafin ɗaki. Wannan na ƙarshen ka kula da shi sosai a yanayinmu, domin in wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, saurin canjin zafi na iya tsaga kiristal, kuma ko wuta ta dawo kyamara na buƙatar lokaci kafin ta daidaita. In ka cika wata guda ka ɗauki hoton shafukan ka turo, mu duba su tare in sha Allah.