Ruwa mai jin maganaɗisu wajen kafa turakun lantarki

Tambaya: Aikina haɗa manyan turakun ƙarfe na wutar lantarki. Na ji ana maganar wani "ruwa mai wayo" da ke rage haɗari wajen ɗaga su. Mene ne shi, kuma ta ina zai shigo aikinmu?

Amsa: Malam, ruwan nan mai ne da aka cuɗa da garin ƙarfe, wanda ƙwayarsa ba ta ko kusa da kaurin gashi. Idan an bar shi, yana zuba kamar man inji. Da an kunna masa maganaɗisu mai aiki da lantarki, sai ƙwayoyin su jeru kamar sarƙa, ya yi tauri kafin ƙiftawar ido. A kashe, ya saki. Jacob Rabinow ne ya fito da shi a Amurka a 1948. A 2002 an ɗaura shokozoba masu wannan ruwa a igiyoyin gadar Tafkin Dongting ta ƙasar Sin, don rage kaɗawar da iska da ruwan sama ke yi musu.

Ka fi ni sanin lokacin da gaba ke faɗuwa: sashen turke na lilo a sama, ba a ɗaure ko noti ɗaya ba, mutum biyu na maƙale suna miƙa hannu su kama shi. Nauyin kayan an riga an lissafa. Abin da ke tsinka igiya ko lanƙwasa sandar ɗagawa shi ne fizga, iska ta bugo ba zato, ko mai injin naɗe igiya ya danne birki lokaci guda. Birkin da ke aiki da ruwan nan yana kamawa a hankali, gwargwadon wutar da aka ba shi. Shokozoba mai ruwan nan kuwa, a jikin igiyar da ke riƙe sandar, za ta iya shanye fizgar kafin ta isa ga mutanen da ke sama. Wannan ne ya sa nake ganin ya cancanci a gwada shi da gaske.

Sai dai garin ƙarfen yakan kwanta in na'urar ta daɗe a ajiye, zafi kuma yana gajiyar da man. Ba ya kuma gyara tushen da simintinsa bai gama ƙarfi ba. Idan aka kawo muku irin wannan birki, fara tambayar abin da zai faru in batir ya mutu kaya na sama. Wanda zan yarda da shi shi ne mai mayen ƙarfe na dindindin a ciki, da zai riƙe kayan ko babu wuta.