Injiniya, kada ka sa hannu a kan layin da ba ka gwada ba

Wa alaikumus salam Injiniya. Wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru, don kamar labarina ka zauna ka rubuta. Ka ce magina da masu haɗa bututu sun cinye watanni, yanzu an ba ku ku masu lantarki da na'urorin awo sati uku, kuma manaja yana so a tsallake gwajin layuka, wato bin kowace wayar sigina daga na'urar awo zuwa allon sarrafawa a tabbatar tana aiki daidai, a kunna kawai. Kana tambaya ko ka yarda. Kada ka yarda, ɗan'uwa. Ni na yarda, kuma jiki magayi.

Wata masana'antar man girki ce a gefen Apapa. Kamar kullum mu ne na ƙarshe. Ba ka jan kebul sai an gama gini, ba ka ɗaura tiransimita, na'urar da ke aika awon tanki zuwa allo, sai mai walda ya sauka daga kan tanki, amma ranar da aka yi wa mai kamfani alkawari ba ta motsi. Jinkirin kowa a kanmu yake sauka. Fanel ɗinmu ma, wato akwatin sarrafa na'urorin, ya yi makonni a tashar jiragen ruwa ta Tin Can kafin ya fito, da ya fito kuma motar ta kwana biyu a cunkoson hanyar Apapa zuwa Oshodi. Duk wannan manajan aikinmu ya sani, don a gabansa aka yi.

Mutumin nan, Allah ya isa tsakanina da shi. Kullum da safe sai ya tsaya a gaban yarana ya ce masu lantarki ne suka riƙe aikin. Na ce masa saura layuka kusan arba'in ban gwada ba, kuma makunnin da zai kashe famfo idan tanki ya cika ba a haɗa shi ba tukuna. Ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce oga kunna kawai, ni ne nan, komai ya faru a wuyana. Da baki ya faɗa, a bakin ƙofar ɗakin sarrafawa, daga ni sai shi. Na sa hannu a takardar.

Wajen ƙarfe biyun dare aka buga min waya ina gida Agege. Ashe a cikin akwatin haɗin wayoyi an musanya wayar tanki na uku da ta na huɗu. Allon kwamfuta yana nuna tankin da ake zuba wa mai bai kai rabi ba, alhali awon maƙwabcinsa yake karantawa. Famfo ya yi ta turawa har mai ya malalo ta sama. Da na isa, ƙafata tana santsi tun daga bakin get. Har yau idan na ji ƙamshin ɗanyen man girki da yawa sai gabana ya faɗi. Alhamdulillahi ba wanda ya ji rauni, wannan kaɗai nake gode wa Allah a kai.

Da gari ya waye aka zauna taro. Mutumin nan ya kalle ni ido cikin ido ya ce shi bai taɓa cewa a kunna ba tare da gwaji ba, ai shi ba injiniyan lantarki ba ne, ga sa hannuna nan. Har da girgiza kai, wai ya yi mamakina. Na buɗe baki na rasa abin faɗa. Mutumin da muka ci abinci a kwano ɗaya, wanda na taɓa kai wa yaro ya gyara masa janaretan gidansa kyauta ranar Lahadi! Aka zaftare min albashi, shi kuma bayan an buɗe masana'antar aka ƙara masa girma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na haɗu da shi sau ɗaya bayan nan a Ikeja, ya miƙo hannu kamar ba komai. Na karɓa saboda addini, amma raina bai karɓa ba. Hawan jinin da nake shan magani a kai yanzu daga lokacin ya fara.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kuskuren na minti goma ne. Yaro ɗaya a bakin tanki ya tura siginar gwaji ta 4 mA (ma'aunin ƙarfin siginar ke nan), sannan 12, sannan 20, wani a gaban allo ya ga sifili, rabi, cikakke a kan sunan tankin da ya dace. Shi ke nan. Da mun yi, a take za a ga awon ya motsa a tankin da ba shi ba. To kai idan da gaske sati ukun ba za su isa ba, raba layukan. Duk abin da ke kashe inji ko rufe bawul don kare rai da dukiya, wannan ba ciniki. Masu nuna awo kawai, waɗanda ba sa ba da umarni, su za a iya jinkirtawa, a rubuce, da sa hannun wanda ya ce a jinkirta. Ka tura masa imel yau: ga abin da ka ce, ga abin da ya rage, ga abin da zai iya faruwa, ka sa na sama da shi a ciki. Za ka ga yadda murya take sauka idan aka ce a rubuta. Lambar rajistarka ta COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, taka ce, ba tasa ba.

Maganar aikin dare kuma, ka yi hattara. Yaron da ya musanya wayoyin nan ba sakarai ba ne, yana cikin waɗanda na fi yarda da su. Kwana huɗu ya yi yana tashi daga aiki ƙarfe goma na dare, daga Ikorodu yake zuwa, kafin asuba ya fito. A taron nan an so in ba da sunansa, na ƙi, kuma shi ne abu ɗaya da na yi daidai a duk wannan badaƙalar. Gajiyayyen mutum da 415 volt ba sa haɗuwa. Kowa ya sa kwaɗonsa a kan makunni ya riƙe mabuɗin a aljihu, ko da oga ne da kansa ya ce a cire.

Af, ka duba kebul ɗin da ɗan kwangila ya kawo maka. Tun da aka bar kasuwa ta yanke darajar Naira a watan Yunin 2023 kuɗin kaya ya tashi, wasu suka koma cika aiki da kebul mai araha, a jiki an rubuta kauri kaza, ka fere ka ga tagullar ba ta kai ba. Ka yanka da kanka ka auna. Kuma kada ka bari don sauri su kwantar da wayar sigina a tire ɗaya da kebul ɗin manyan motoci, musamman masu na'urar sauya gudu, awo zai yi ta rawa ka yi wata kana zargin PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injinan. Idan wurin naku kusa da ruwa ne kamar Apapa ko Lekki, iskar gishiri da damina suna cin bakin waya, ka tabbata an rufe akwatunan da kyau.

Ka kuma nema wa yaranmu lokacin Juma'a tun yanzu a cikin jadawalin, kada sai ranar ka fara roƙo, ni na sha wannan rigimar ma da mutumin nan. Ba ka faɗi layuka nawa suka rage maka ba, da kuma yara nawa gare ka. Faɗa min, ina da takardar gwajin da nake amfani da ita tun bayan abin nan, sai in turo maka ka gyara ta daidai da aikinku.