Ƙwan LED ko jan ƙwai, wanne ya fi sauƙin aljihu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni dai tunda aka sa mana mita mai kati yunit ba ya daɗewa, maƙociyata ta ce in cire jajayen ƙwayayen nan na da in sa na LED, to na je Sabon Gari na tarar ɗaya ya kai kuɗin jan ƙwai uku ko fi. Wai da gaske akwai riba ko dai surutun 'yan kasuwa ne? Ƙwai shida ne a gidan. Daga wata uwargida a Rijiyar Lemo.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Maƙociyarki ta faɗa miki gaskiya, ki canza. Shi jan ƙwai wani siririn ƙarfe ne a ciki ake gasawa har ya yi haske, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take komawa, shi ya sa ba ya taɓuwa in ya daɗe a kunne, ga ɗaki ya ƙara ɗumi a watan Afrilu da ko ba ƙwai ma mutum neman iska yake.

Ga lissafin gidanki. Jan ƙwai mai wat 60 da LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Ƙwai shida, awa biyar kullum, jajayen za su cinye yunit 54 a wata, su kuwa LED yunit 8 ne da ɗan ɗoriya. Kin ga kusan yunit 46 kenan ya dawo hannunki. Ki duba rasit ki ga nawa ake sayar miki yunit ɗaya ki ninka sau 46. Masu Band A, wato layin da aka fi ba wuta, a Afrilun 2024 farashin yunit ɗinsu ya haura naira 200, a wannan farashin rarar ta wuce dubu tara a wata, in layinku mai rahusa ne za ta ragu amma dai cikin 'yan watanni kuɗin ƙwan ya fito. Sannan jan ƙwai wajen awa 1,000 yake yi ya tsinke, LED mai kyau yana kai awa 15,000 zuwa sama.

Abin da nake ji miki tsoro kawai jabu ne, kasuwa cike take da su, kwali ya ce wat 15 haske kamar na aci-bal-bal, sati uku ya fara kyafta ido ya mutu, musamman in wuta tana hawa da sauka. Ki sa a gwada miki a shago, ki nemi mai garanti ko da na wata shida ne, ki ajiye rasit. Kar ki rufe shi a cikin gilashin da iska ba ta shiga, zafi ke kashe shi.

In kuɗin ba za su kai shida lokaci guda ba ki fara da na tsakar gida da na ƙofa masu kwana a kunne, na banɗaki da sito su jira wata mai zuwa.