Amsa kan tseren jiragen gudu a teku: aikin yana hannun mai totur

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya me ya sa ake sa mutum biyu cikin jirgin tseren teku, kuma ko tafkinmu na Jabi da ke Abuja zai ɗauki wannan wasa. Ta biyun gajera ce: ba zai ɗauka ba. Jirgin babban aji, Class 1, tsawonsa mita 12 zuwa 14 ne, nauyinsa wajen tan 5, da inji biyu kowanne mai ƙarfin doki 1,100, kuma yana wuce kilomita 250 a awa. Kusan mita 70 ke nan duk daƙiƙa, ga shi jirgin ruwa ba shi da birki. Kafin ka rufe baki da bisimilla ka hau tudu.

Direba sitiyari kawai yake riƙe, idonsa na kan hanya da alamomin kwana. Na kusa da shi, mai totur, shi ne uban tafiyar. Jirgin ƙafa biyu gare shi, wato gangar jiki biyu a jere, da rami a tsakani, iskar da ke bi ta ramin ce ke ɗaga shi har ya zama gindinsa kaɗai ke lasar ruwa. Da ya hau igiyar ruwa sai ya yi sama gaba ɗaya, farfela ta fito fili ba abin da ke riƙe ta, inji ya kwarma ihu. Nan take mai totur zai janye hannu. In ya makara, farfelar za ta faɗa ruwa tana tsananin juyi, sandarta ta karye ko haƙoran giya su zube. In kuma ya yi nawa wajen mayar da wuta, farfelar ta zame masa birki, hancin jirgi ya soki igiyar da ke gaba. Haka zai yi ta yi, igiya bayan igiya, da kunne da tafin hannu. Shi ya sa masana suka fi ambaton Steve Curtis, mai totur ɗan Ingila da ya ci kambun duniya sau da dama, fiye da direbobin da ya zauna da su.

Mai totur ne kuma ke saita hancin jirgi. Ya ɗaga da yawa, iska ta cika ramin ta kifar da jirgin ta baya. A kwana, in aka sare wuta farat ɗaya, ƙafa guda ta cafki ruwa jirgi ya mirgina. Bayan rasuwar Stefano Casiraghi, ɗan tseren jirgi kuma mijin gimbiya Caroline ta Monako, a tseren Monako na 1990, aka matsa kan rufaffen mazauni: bel, hular kwano, tulun iskar shaƙa, da ƙofar tsira ta ƙasa. Kafin tsere sai an kifar da mutum cikin ruwa an ga ya iya kwance kansa ya fito.

In da gaske kake, fara da ƙaramin jirgi mai injin rataye, ka yi masa rajista da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida. Rigar ceto dole. Igiyar kashe inji, wadda ke kashe shi da zarar an fizge ta, ka ɗaura ta a jikinka. Wadda aka rataye a sitiyari ado ce, in ka faɗa ruwa jirgin zai yi ta zagaye har ya dawo kanka.

Abin da ya fi kashe inji a nan ba gudu ba ne, leda ce. Injin ba shi da lagireto, ruwan tafkin yake zuƙa da wata 'yar farfelar roba. Leda ta toshe kafar, robar ta ƙone, inji ya ɗau zafi. Da ka tayar, duba ɗan ruwan da yake tsartowa ta baya; in babu, kashe. Kada ka tayar da shi a tudu ba ruwa ko na minti ɗaya, kuma sauya robar duk shekara.

'Yan'uwanmu na Jos kuwa, tsayin garinku wajen mita 1,200 ne, iska ta yi ƙaranci, inji marar turbo kan rasa kamar kashi 12 cikin ɗari na ƙarfinsa. Farfelar da ta yi daidai a Legas za ta yi masa nauyi a can, sai a sauya da mai ƙaramin cizo, wato wadda ba ta kamun ruwa da yawa a kowane juyi.