Me ya sa aka soki Giants da suka ɗauki Saquon Barkley na biyu a 2018?

Tambaya: Malam, na fara bin ƙwallon Amurka ba da daɗewa ba. Na ji ana cewa Saquon Barkley ya fi kowa iya gudu da ƙwallo a jami'a, amma da ƙungiyar New York Giants ta ɗauke shi sai masana suka yi ta suka. Idan gwani ne, mene ne laifin?

Amsa: Malam, gwani ne kam, ko masu sukar ba su musa ba. Kuɗi da matsayin da yake bugawa ne suka jawo ce-ce-ku-cen.

Bari mu fara da aikin nasa. A wannan wasa ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi goma gaba. Ko dai mai jefa ƙwallo, wato kwatabak, ya wurga wa wani, ko ya miƙa wa mai gudu da ke bayansa ya kutsa cikin ƙatti. Barkley mai gudu ne. An haife shi a Bronx ta birnin New York ranar 9 ga Fabrairu 1997, ya tashi a jihar Pennsylvania, ya buga wa jami'ar Penn State daga 2015 zuwa 2017 a hannun koci James Franklin. Shekararsa ta farko ya yi gudun yadi 1,076, ta biyu 1,496, kuma a shekarar ce makarantar ta lashe gasar Big Ten. Wasan da ya sa duk Amurka ta san shi shi ne Rose Bowl na Janairun 2017 da jami'ar USC. Ya karɓi ƙwallo, 'yan baya suka yi masa caa, ya goce wa wannan ya zille wa wancan, sai ga shi a ƙarshen fili bayan gudun yadi 79. Penn State ta sha kashi 52 da 49, amma washegari maganarsa ake yi. A 2017 ya ƙara nuna yana iya cafe ƙwallo idan an jefo masa, har sau 54, ya kuma zo na huɗu a zaɓen kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, wadda Baker Mayfield ya ɗauka.

Dokar NFL, wato babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, ita ce sai ɗan wasa ya yi shekara uku da gama sakandare kafin ya shiga zaɓen sababbin 'yan wasa, don haka yana cika ukun ya bar jami'a. A gwajin da ake yi musu, Barkley, mai nauyin kilo kusan 106, ya gama yadi 40 cikin daƙiƙa 4.40. Jiki irin wannan da sauri irin wannan ba kasafai ake samun su tare ba.

Ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓe. Cleveland, wadda ba ta ci wasa ko ɗaya ba a 2017, ta ɗauki Mayfield. Giants, mai nasara 3 da rashin nasara 13, ta ɗauki Barkley.

To ga inda gizo ke saƙar. Tun 2011 albashin sabon ɗan wasa ya dogara ne da lambar da aka ɗauke shi, ba ruwansa da matsayin da yake bugawa. Lamba ta biyu a 2018 ta zo da kwantiragin shekara huɗu na kusan dala miliyan 31. Idan kwatabak ka samu da wannan kuɗi ka tsinci dami a kala, domin a lokacin manyansu suna karɓar kusan haka a shekara guda. Mai gudu kuwa, kuɗin ya sa shi cikin waɗanda suka fi albashi a matsayin tun bai taɓa ƙwallo ba. Ga shi kuma kwatabak ɗin Giants, Eli Manning, ya kai shekara 37, kuma Sam Darnold da Josh Allen da Lamar Jackson duk suna nan ba a ɗauke su ba. Biyun ƙarshe daga baya kowanne ya zama gwarzon ɗan wasan NFL na shekara.

Sannan masu gudu suna da yawa a kasuwa. A wannan shekarar Phillip Lindsay, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi, ya shiga Denver ya haura yadi dubu. Kuma komai gwanintar mai gudu, in ƙattin nan biyar na layin gaba ba su buɗa masa hanya ba, bango zai yi ta karo da shi.

Barkley dai ya yi nasa. A 2018 ya yi gudun yadi 1,307, ya cafe ƙwallo 91, jimillar yadi 2,028, aka ba shi kyautar sabon ɗan wasan gaba na shekara. Duk da haka Giants wasa 5 kawai ta ci cikin 16. Sai jiki ya fara biyan bashi: targaɗe a idon sawu a 2019, sannan jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa na biyu na 2020 da Chicago Bears, kakar ta tafi ke nan. Mutumin da ake kayarwa sau ashirin a kowane wasa ba ya daɗewa lafiya, kuma wannan ma yana cikin lissafin masu sukar.

A ganina masu sukar sun yi daidai game da Giants. Ƙungiyar da layin gabanta ya lalace, kwatabak ɗinta ya tsufa, ta sayi doki ne tun ba ta gina barga ba. Shaida ita ce da Barkley ya koma Philadelphia Eagles a 2024, inda layin gaba yake da ƙarfi, ya yi gudun yadi 2,005 a kaka ɗaya, ya kuma ɗauki kofin Super Bowl, wato na zakarun NFL, ranar 9 ga Fabrairu 2025, ranar da ya cika shekara 28.