Shin 'yan mishan ne suka kai wa ƙasar Sin likitancin zamani?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun likitanci. Na ji ana cewa 'yan mishan ne suka kafa asibitocin zamani na farko a ƙasar Sin. Gaskiya ne? Kafin zuwansu Sinawa ba su da magani ne?

Amsa: Malama, gaskiya ne, amma bari in fara da tambayarki ta biyu. Sinawa na da nasu ilimin magani mai daɗaɗɗen tarihi: saiwoyi da ganyayyaki, jin bugun jijiya, da tsira allurai a jiki. Har wata dabarar rigakafin agana suna yi tun kafin Turawa su san ta. Inda suke da rauni shi ne tiyata, domin al'adarsu ta ƙyamaci yanka jiki da feɗe gawa.

Ta wannan ƙofa 'yan mishan suka shiga. A 1835 wani Ba'amurke, Peter Parker, likita kuma mai wa'azi, ya buɗe asibitin ido a birnin Guangzhou. Ya yi dabara da ya fara da ido. Wanda yana ta rufe wa gani shekara da shekaru, aka yi masa aiki ya tashi yana ganin 'ya'yansa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Daga baya Parker ya riƙa cire ƙari da tsakuwar mafitsara, kuma a 1847 ya fara amfani da maganin sa barci wajen tiyata.

Ni dai a wurina, babban abin da suka bari shi ne ɗalibai da littattafai, fiye ma da waɗanda suka warkar. A 1851 Benjamin Hobson, ɗan Ingila, ya fitar da littafin tsarin jikin ɗan Adam da harshen Sinanci. Ki duba wahalar da ke ciki: sassan jiki da yawa sai da aka nemo musu suna, shi da malaman Sinawa da suka taya shi. John Kerr, wanda ya gaji asibitin Parker, ya buɗe makarantar likitanci ta Boji a 1866, kuma a nan Sun Yat-sen, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Jamhuriyar Sin, ya fara karatun likita a 1886, tun kafin ya shiga siyasa. Kerr ɗin ne kuma ya kafa asibitin masu taɓin hankali a 1898.

Batun mata ya fi taɓa ni. A wancan zamani mata da yawa ba za su yarda namiji ya duba su ba, ko da kuwa naƙuda ta yi tsanani. Shi ya sa Mary Fulton, likita 'yar mishan, ta kafa makarantar likitanci ta mata zalla a Guangzhou, haka kuma wasu mata biyu Sinawa, Shi Meiyu da Kang Cheng, suka gama karatun likita a Jami'ar Michigan a 1896 suka koma gida suna yi wa mata aiki.

Sai dai kada a rufe ido a kan sauran labarin. Manufarsu ta farko yaɗa addini ce, ba su kuma ɓoye ba. Bazuwarsu cikin ƙasar ta biyo bayan yaƙe-yaƙen da aka yi kan cinikin ƙwayar ofiyom da yarjejeniyoyin da aka tilasta wa Sin, don haka jama'a da dama suka ɗauke su abu ɗaya da masu jiragen yaƙi. Jita-jitar cewa ana ƙwaƙule idon yara don haɗa magani na cikin abin da ya haddasa kisan da aka yi wa 'yan mishan da wasu Turawa a birnin Tianjin a 1870. Da yawansu kuma sun raina maganin gargajiya ba tare da sun nazarce shi ba.

Daga farkon ƙarni na 20 aikin ya fara fin ƙarfinsu. Makarantar likitanci da ƙungiyoyin mishan suka haɗu suka buɗe a Beijing a 1906, Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta saye ta a 1915 ta zuba mata kuɗi. Ɗalibai masu yawa sun tafi Japan koyon likitanci. Da annobar huhu ta ɓarke a yankin Manchuria, arewa maso gabashin Sin, a 1910, ta kashe kusan mutum dubu 60, wanda gwamnati ta damƙa wa yaƙi da ita shi ne Wu Lien-teh, Basine haifaffen Penang, a Malesiya ta yanzu, da ya yi karatun likita a Cambridge. A 1915 shi da Yan Fuqing da abokan aikinsu suka kafa ƙungiyar likitocin Sin, kuma a 1932 ƙungiyar likitocin mishan ta haɗe da ita suka zama ɗaya.